Jan Zare a Hannun Dama

Litinin, bayan an tashi makaranta

Yau muka fara "a kan" da "ƙarƙashin". Na ce kowa ya ɗora takalminsa a kan benci, sannan ya tura shi ƙarƙashin benci. Nan da nan aji ya kaure, sai ka ce kasuwa ta ci. Aku, yarinyar nan da bakinta ba ya mutuwa, ta ce, "Malama, in na sa ɗaya a sama ɗaya a ƙasa fa?" Na ce, "To ke kin tsaya a tsakiya ke nan, zauna kafin ki sa min ciwon kai."

Shugaba ta leƙo ajina sau biyu, abin da ba ta saba ba. Na san dalili. Ranar Alhamis ɗin da ta wuce Bahago ya sulale ya fita, har ya kai bakin get, mai gadi ne ya riƙo shi ya dawo da shi. Ta tambaye ni yadda aka yi yaro ɗan shekara huɗu ya wuce ni. Na ce ina rubutu a allo ne. Ta ce, "To, Anti."

Ba rubutu nake yi ba. Ina tsaye ne, fuskata na wajen yara, ƙofa tana gefena.

Shekara ashirin da wani abu ina riƙe da ajin nan. Ita kanta Shugabar, ranar da aka kawo ta koyon aiki, ni na nuna mata yadda ake riƙe alli kada ya yi ƙara. Babu mai karɓe min aji saboda Alhamis ɗaya.

Talata, da sassafe

Na ɗiga maganin a ido. Yana da zafi, kuma ban ga abin da ya yi ba.

Laraba, ƙarfe huɗu

Auta ta kai ni asibitin ido. 'Yata ce, ta kirki, amma akwai naci. Likita ya sa na dafa haɓata a kan wata na'ura, ya ce duk lokacin da na ga haske ya ƙyafta in danna. Na zauna ina jira hasken ya zo. Ashe ya daɗe yana zuwa ta gefe-gefe yana wucewa.

Ya faɗi abin da ya faɗa. Ba zan rubuta shi a nan ba, littafina ne.

Da muka fito za mu tsallaka titi, sai Auta ta cafke min hannu kamar wata jaririya. Na fizge. Na ce, "Ke, ni na koya miki tsallaka titi, sakar min hannu." Ta ce, "Mama, babur ne ya taho ta hagunki." Na ce na gan shi. Muka hau mota muka koma gida.

Ban gan shi ba. Amma ba a riƙe min hannu, wannan kam na gama magana.

Alhamis, ƙarfe biyu da rabi

"Gaba" da "baya". Waɗannan ba su da wuya, don kowane yaro ya san bayan uwarsa. Na jera su layi, kowa ya faɗi wanda ke gabansa da wanda ke bayansa. Aku ta ce, "Ni a bayana akwai mai warin fitsari." Sai ga kuka. Sai da na raba faɗa.

Akwai wata 'yar ƙarama da suke kira Shiru. Tun farkon zango ban ji muryarta a cikin aji ba, sai dai ta nuna da yatsa. Uwarta ta ce a gida tana magana. Ni dai ban matsa mata ba, ranarta za ta zo. Yau da allina ya faɗi ina lalube da ƙafa, sai na ji an sa min shi a tafin hannu. Ita ce.

Asabar, da hantsi

Auta ta ce in gaya wa Shugaba da kaina kafin a gano. Ta ce in ajiye aikin in huta, ai na yi mai wuyar. In huta in yi me? In zauna a tsakar gida ina ƙirga kaji? Na ce mata ta je ta yi wankinta.

Abin da ke gabana sak ina ganinsa sarai, har rubutun nan. Gefe ne kawai. Kamar mai leƙe ta ramin makulli. To sai me? Ba ni da wuya ne? Sai in riƙa juya shi.

Litinin, bayan an tashi makaranta

"Hagu" da "dama". Nan ne malamai da yawa suke kwafsawa. Sai su ce wa yaro dama shi ne hannun da kake cin abinci, su manta akwai irin su Bahago. Ni jan zare nake ɗaura wa kowa a wuyan hannun dama. Mako biyu yana hannu, ranar da aka cire shi ya riga ya zauna a ka. Kuma ba na fuskantar su in ɗaga hannu, don in na ɗaga damata sai su ɗaga hagunsu, kamar a madubi. Baya nake juya musu, mu kalli waje ɗaya, sannan in ce dama.

Ɗaurin zaren ne ya so ya ba ni kunya. Sai in kama hannu in nemi bakin zaren in rasa. Na ce musu yau sabon tsari, kowa ya ɗaura wa na kusa da shi. Suka yi ta murna.

Bahago ya ce shi a hagu yake so a ɗaura masa. Na ce, "Ranka ya daɗe, duniya ba za ta juya saboda kai ba, miƙo dama."

Talata, ƙarfe uku

Shugaba ta kira ni ofis. Ta ba ni kujera, ta tambayi jiki, ta tambayi Auta, ta yi ta kewaye-kewaye. Can ta ce, "Anti, me zai hana in ba ki mataimakiya? Ko kuma ki dawo nan kusa da ni ki riƙe ɗakin littattafai, babu hayaniyar yara."

Raina ya ɓaci, wallahi ya ɓaci. Ɗakin littattafai! Wancan ɗakin da ake ajiye karyayyun kujeru da mutanen da aka gama da su. Na ce, "Ajina bai cin mutum biyu, kuma hayaniyar yara ba ta taɓa kai ƙarata wurinki ba."

Sannan ta ce mai duba makarantu zai zo ranar Alhamis ta mako mai zuwa, kuma mahaifin Bahago ya kai maganar get har can ofishinsu. Mai dubawar zai zauna a ajina ya ga darasi. Abin da ya rubuta, shi za a bi.

Na ce ya zo. Da zan fita kafaɗata ta bugi gefen ƙofa. Na san ta gani. Ban waiwaya ba.

Laraba, da sassafe

Ba zan bar ajin nan ba.

Laraba, bayan la'asar

Na samo dabara, kuma ba yabon kai ba, dabara ce mai kyau.

Wasan neman cokali. Ana ɗaure wa mutum ɗaya ido da ƙyalle, a ajiye cokali a wani wuri, sauran su kai shi da baki kawai: gaba, tsaya, dama, ƙarƙashin tebur. Ba taɓawa, ba ja. Kowace shekara ina yi, amma yara nake ɗaure wa ido. Yau na ce ni za a ɗaure wa. Zo ka ga tsalle! Na tsaya a ƙarshen aji, suka taru a bayana, muna kallon allo gaba ɗaya, suka yi ta ihu, "Gaba, Malama! Dama! A'a, kin wuce!"

Ran Alhamis haka za mu yi. Mace ta ɗaure ido tana lalube, wa zai ce ba darasi ba ne? Ajin nan kuwa na san shi kamar tafin hannuna. Na san inda siminti ya fashe, na san bencin da ke rawa, na san bokitin ruwa yana bayan ƙofa, kujerata kuma kusa da taga. Ko ba su ce komai ba zan kai.

Alhamis, ƙarfe biyu

Mun sake yi. Na tsinci cokali a cikin takalmin Bahago.

Wani abu na lura da shi. Wasa ya ƙare, na cire ƙyalle, amma ba su daina ba. Na miƙa hannu ina neman abin goge allo, sai na ji Aku ƙasa-ƙasa, "Yana damarki, Malama, a kan taga." Da zan fita wani ya ce, "Akwai jaka a gabanki." Ba dariya, ba tsokana.

Ban san abin da suka sani ba, kuma ba zan tambaya ba.

Juma'a

Auta ta saya min sanda. Fara. Ta jingina ta a bayan ƙofar ɗakina. Na ɗauke ta na kakkaɓe yanar gizo-gizo da ita, ta yi amfani sosai.

Lahadi, da yamma

Auta ta same ni ina ta kai-kawo a tsakar gida da ƙyalle a ido. Ta ce, "Mama, don Allah me kike yi wa kanki haka?" Na ce shirin darasi nake. Ta ce, "In wani yaron ya sake fita fa? In wannan karon ba get ya tsaya ba, titi ya hau?"

Na daka mata tsawa. Na ce ta fita min daga ido, sai kuma na ji abin da bakina ya faɗa.

Maganar ta zauna min a ƙirji har yanzu. Ta yi gaskiya, shi ya sa na ji haushinta. Na fi son yaran nan a kan aikin. Amma in an raba ni da su ban san wace ce zan zama ba, kuma tsoro nake ji. To, na rubuta, a bar ni haka.

Litinin, bayan an tashi makaranta

"Kusa" da "nesa". Na sa bencin Bahago nesa da ƙofa, na ɗaure ƙaramar ƙararrawa a jikin marfin. Duk wanda ya taɓa, zan ji. Su Aku sun mai da ita abin wasa, sau goma sha wani abu tana kaɗawa kafin hutun tara.

Saura "tsakanin". Ita ce mai wuya, don tana bukatar abu biyu a kai lokaci ɗaya. Sai bayan Alhamis, in akwai bayan Alhamis.

Laraba, ƙarfe ɗaya

An sallami yara da wuri, wai za a yi gyare-gyare saboda baƙo. Su yi ta yi. Ni na shirya.

Alhamis, bayan la'asar

Bari in rubuta shi yadda ya faru, tun ban fara yi wa kaina kwaskwarima ba.

Ina sa ƙafa a ajin na ji warin fenti. Ashe gyaran da Shugaba ta ce, har da ajina. Don a burge baƙo, an fitar da tsofaffin bencina an jera sababbi layi-layi, duk suna kallon allo. An kai teburina ɗaya gefen. Kujerata ban ma san inda aka kai ta ba. An cire ƙararrawata. Filin da muke taruwa a baya, an cike shi da kujerun manya. Kai! Mutum ya kwana ya tashi a ɗakin wani.

Ban gama juya wuya ina neman inda komai yake ba, sai ga su sun shigo, Shugaba da mai duba makarantu. Dattijo ne mai sanyin murya. Ya ce, "Malama, ki yi kamar ba ma nan." Suka zauna a baya.

Na ce a raina ko ta halin ƙaƙa sai na yi. Na tsaya gaban allo, yara suna zaune suna fuskantata, don babu wurin da za su tsaya a bayana. Na ba Aku cokali ta ajiye, na ɗaure ƙyalle a kan tabarau. Yau ce rana ta farko da gaske nake bukatar bakinsu.

"Gaba, Malama!" Na yi gaba. "Tsaya!" Na tsaya. "Dama! Dama!"

Na yi dama. Damata.

Su kuwa jan zarensu suke kallo. Damarsu, wato haguna. Ni da na shekara ashirin ina gargaɗin sababbin malamai a kan wannan, ni ce yau na manta. Suna ƙara ihun dama, ina ƙara yin damata, har ƙafata ta ci karo da bokitin ruwan da aka sauya wa wuri. Na tafi gaba ɗaya. Ruwa ya malale, gwiwata ta daki siminti, ƙyalle da tabarau suka yi nasu wuri.

Da a nan abin ya tsaya, da na yi dariya na ce ga amfanin sanin hagu da dama. Amma ƙyalle ya riga ya fita, ga ni durƙushe cikin ruwa ina shafa ƙasa da hannu biyu ina neman tabarau, ashe yana gefen gwiwata. Kowa a ɗakin yana ganinsa ban da ni. Na ji kujerar Shugaba ta motsa za ta taso.

Na ce, "Kada wanda ya taɓa ni."

Sai na ji takun ƙananan ƙafafu cikin ruwan. Wata ta zo, ba ta tsaya a gabana ba. Ta zagayo gefena, kafaɗarta na gogar tawa, ta juya ta kalli inda nake kallo. Sai wata 'yar murya da ban taɓa ji ba ta ce, "Malama, hagu. Ƙasa. Kusa da gwiwarki."

Shiru ce.

Na sa hannu, ga tabarau. Na saka, na miƙe, zanina sharkaf. Ba ta koma ta zauna ba. Ta ce, "Gaba. Tsaya. Hagu kuma. A kan tebur, bayan littafi." Duk inda na juya sai ta juya tare da ni, ta duba zarenta, sannan ta faɗa. Ba ta riƙe min ko yatsa ba. Na ɗaga cokali sama.

Ban koya musu wannan ba. Baya nake juya musu kullum, ban taɓa ce musu ga dalili ba. Ita tana can tana kallo ba ta magana, ashe ta ɗauke.

Na ƙarasa darasina da jiƙaƙƙen zani. Na sa kowane yaro ya zo ya tsaya a gefen abokinsa, su kalli waje ɗaya, sannan ya ce masa hagu ko dama. Muryata ba ta yi rawa ba sai da na shiga ban-ɗaki na rufe ƙofa.

Juma'a, da sassafe

Gwiwa ta kumbura. Zan je makaranta.

Juma'a, ƙarfe uku

Ban bari Shugaba ta fara ba. Ina zama na ce, "Idona yana tafiya. Gefe ya tafi, likita ya ce wanda ya tafi ba ya dawowa, saura kuma sai yadda hali ya yi. Ban ga fitar Bahago ba." Ga shi na faɗa da bakina, ga shi kuma na rubuta.

Shugaba ta ce, "Anti, na sani." Wai tun makon jiya ta tare su Aku lokacin tara ta tambaye su ko Malama tana gani sosai. Aku ta ce mata, "Wasa muke yi." Ta sake tambaya, duk suka ce wasa ne. 'Yan shekara huɗu! Sai kuma Shugaba ta fashe da kuka a kan maganar benci, wai ita gyara ta so yi. Na ce ta share hawayenta, shugaba ba ta kuka gaban ma'aikata.

Dattijon ya rubuta cewa ba za a bar ni ni kaɗai da yara ba. Ban yi musu ba, don ko ni ce shi abin da zan rubuta ke nan. Ya kuma rubuta cewa darasin kada a taɓa shi. Saboda haka zaɓi biyu ne, mataimakiya ko ɗakin littattafai.

Na ce a kawo ta. Na ba ta ƙofa, na ba ta rajista, na ba ta rakiyar ban-ɗaki. Amma sama da ƙasa, gaba da baya, hagu da dama, nawa ne. Kuma a dawo min da bencina da ƙararrawata da kujerata, kowanne inda aka same shi. Zuwa yaushe? Shugaba ba ta faɗa ba, ni ma ban tambaya ba.

Asabar, da hantsi

Mun je sayen maganin ɗigawa ni da Auta. Na riga na ba ta labarin Alhamis, har da bokiti. A bakin titi na ji hannunta ya taho, sai ya tsaya. Ta dawo gefena ta ce, "Mama, akwai kwata a gabanki, ki ɗan yi dama." Na ce, "Damar wa?" Ta ce, "Taki."

Da za mu tsallaka na kama hannunta. Ni na kama, ba ita ba. A rubuta haka.

Sandar tana nan bayan ƙofa. Ba yau ba.

Litinin, bayan an tashi makaranta

Mataimakiyar ta zo. Yarinya ce ɗanya shakaf, mai ladabi, sai ƙamshin turare. Ta so ta nuna ƙwazo, ta tsaya gaban yara ta ɗaga hannu ta ce kowa ya ɗaga dama. Aku ta ce, "Anti, juya mana baya mana, haka ake yi!" Na ƙyale su, ita ma ta koya.

An dawo da kayana. Ƙararrawa ta kaɗa sau ɗaya, kafin in juya wuya yarinyar ta riga ta riƙo Bahago. To, ba laifi.

Mun fara "tsakanin". Na ce kowa ya nemi abu ɗaya a ajin nan da yake tsakanin abu biyu. Wani ya ce hancinsa, wani ya ce Bahago tsakanin Anti da ƙofa. Da layi ya zo kan Shiru na ɗauka ta koma gidan jiya. Ta daɗe. Can ta ce, "Kujerar Malama tana tsakanin taga da allo."

Na taka na je ba tare da na lalube ba, na zauna. Tana nan kuwa, ni ma ina kai. Duk mai so ya zo ya ɗaga ni.